Gaisuwar Suruki a Tsakiyar Tsere

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar tashar Gusau, mu uku: ni, da kawuna ƙanen mahaifiyata, da wani abokin aikina Kirista, mutumin kudancin Kaduna, wanda muke koyarwa a makaranta ɗaya. Ni malamin wasanni ne, shi na lissafi, amma kullum da yamma tare muke zagaya filin makaranta da gudu. Talata Mafara muka nufa. A jakata akwai kaya iri biyu: a sama babbar riga da hula, a ƙasa gajeren wando da singileti da kambas. Kawu na saman kaɗai ya sani.

Bari in gaya muku abin da ya kai ni. Matata 'yar Mafara ce, ta tafi gida haihuwar fari, ta yi arba'in, aka shiga wata na huɗu ba ta dawo ba. Ranar suna na kai yaran makarantarmu gasar wasanni, mota ta lalace mana, ban iso ba sai da aka watse. Surukina, wanda dillalin shanu ne kuma babba cikin mahautan garin, bai ce mini uffan ba. Amma sau biyu ana aikawa a roƙi dawowarta, amsa ɗaya ce: a ƙara haƙuri. Daga baya magana ta zagayo kunnena cewa ya ce ba ya gaggawar mayar da 'yarsa ga mutumin da guje-guje ya fi masa iyali. Yarinyar da aka haifa mini sau biyu kacal na gan ta, ɗakina kuwa ya yi shirun da nake ƙin komawa cikinsa bayan an tashi aiki.

Sai abokina ya kawo labarin cewa matasan Mafara da ma'aikatan noman rani sun shirya tseren gudu, wanda ya zo na ɗaya keken ɗinki zai ɗauka. Matata tela ce, ta daɗe tana aron na maƙwabta. Ranar kuma ta dace da kasuwar Maradun, inda surukina yake zuwa sayen shanu duk mako, ba ya dawowa sai la'asar. Na tsara abina tsaf: in yi gudu da safe ba da saninsa ba, in yi wanka in sa babbar riga, Kawu ya shige gaba, keke ya biyo baya, tsoho ya ga gudun nan ba wasan yara ba ne. A kan katifata dai dabarar ba ta da aibi ko ɗaya.

Fijo muka shiga, mutum huɗu a kujerar baya, gwiwar wani mai sayar da goro tana cikin haƙarƙarina har Maru. Can muka tsaya muka sha kunu da ƙosai, na sule biyu ya ishe mu mu uku. A nan na buɗe jaka zan ɗauko hankici, kambas ya leƙo. Kawu ya dubi takalmin, ya dube ni, na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ya yi: ya daina yi mini magana.

Da muka wuce mararrabar Maradun sai ƙasa ta sake kama. Ga shi farkon bazara ne, ko'ina ya bushe, amma nan alkama ce ta nuna hagu da dama, buhunan albasa jibge a bakin titi, ruwa yana tafiya cikin magudanan siminti a miƙe kamar an ja da zare. Abokina, wanda ya taɓa zama a garin, yana ta yaba aikin dam ɗin Bakolori. Direba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce shi gonar ubansa tana ƙarƙashin ruwan. Ba da jimawa ba muka shiga Mafara.

Filin wata makarantar firamare ne wurin taron. Masu gudu za mu kai sittin: malamai, leburorin gona, 'yan acaɓan keke, masu aikin asibiti, da samarin ƙauye waɗanda yawancinsu ba takalmi. A kan teburi ga keken ɗinkin yana sheƙi, ga rediyo, ga fitilar ƙwai. An ce da sanyin safiya za a tashi, amma sai aka zauna jiran babban baƙo har hantsi ya ɗaga. Ina cikin miƙe jijiyoyi na hango wata akori-kura mai katako tana shigowa filin. Aka ce ita za ta bi bayanmu, duk wanda ya gaza ko ya tsaya a ɗora shi. Na san motar nan, na san shuɗin fentinta. Ita ce take kai surukina Maradun. Idan tana nan, to shi ma yana gida.

Ban gama haɗiye wannan ba mai lasifika ya ƙara mini wata. Wai ruwan da aka saki daga dam ya shanye kwalbatin da za mu bi mu dawo, saboda haka an sauya hanya: za mu fita ta bakin babban magudanin ruwa wajen hanyar Bakura, mu dawo ta cikin gari, ta unguwar mahauta. Titi ɗaya ne ya ratsa unguwar, ƙofar gidan surukina kuma a kansa take.

Kawu ya matso, karo na farko tun Maru. "Ɗana, maida rigarka," in ji shi. "Ka shigo garin mutum ba ka gaishe shi ba, kuma ka bi ta ƙohwar gidanai da ɗan kamfai? In yag gane ka, ni ba ni da bakin magana."

Gaskiyarsa ce, na sani. Amma na dubi keken, na ce wa kaina ai tsohon a cikin zaure yake zama, ba ya zama waje, in na sunkuyar da kai cikin jama'a wa zai gane ni? Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, mai son ɓuya cikin jama'a ba ya cin keke, mai cin keke kuwa shi kaɗai yake tafe a gaba, kowa na kallonsa. Aka busa usur.

Hanyar bakin magudanin siririya ce, mutum biyu ba sa jerawa. Ruwa a dama, gangare zuwa gonakin alkama a hagu, ga tsakuwa tana zamewa. Wani ya ture wani, na ji faɗuwarsa cikin ruwa da ihun masu yankan alkama, ban waiwaya ba. Kafin mu kai inda ake juyawa mun rage mu biyar a gaba. Wani siririn saurayi manomin albasa daga Bakura ne yake jan mu, ƙafarsa ba takalmi, numfashinsa ko sauyawa bai yi ba. Na manne masa. Abokina yana bayana, ina jin tarinsa. Ƙafafuna lafiya lau suke, unguwar mahauta ce take ta dawo mini a rai.

Da muka sauka daga bakin ruwa muka hau kwalta sai ɗan Bakura ya fara taka-tsantsan, rana ta riga ta gasa titin. Nan na wuce shi. Na shiga gari ni kaɗai a gaba, yara na bi na da ihu, mata na leƙe ta kan katanga. Na hango ungulaye suna shawagi, ƙaurin babbakar ƙafafun shanu ya bugi hancina, na san na iso. Ina shan kwana na ga surukina. Ba a zaure yake ba. A bakin titi yake, zaune kan buzu da farar riga, carbi a hannu, tsofaffi biyu a gefensa, idonsa a kan hanya.

Tsakanina da shi bai fi jifa ɗaya ba, daga shi zuwa filin makaranta kuma saura kaɗan. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. In na wuce, keke nawa ne, amma na wuce surukina a guje, da takalmi, cinyoyi a waje, gaban abokansa. In na tsaya, na zo masa hannu biyu babu komai, ga tsiraici. Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na dai tsinci kaina ina kwance igiyar kambas, na ajiye su gefe, na durƙusa, ina jan singileti don ya rufe mini gwiwa, shi kuwa ya ƙi kaiwa.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau, Malam. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya," na ce, ina haki kamar zan shiɗe.

Ɗan Bakura ya wuce, na ji tafin ƙafarsa a bayana. Tsoho bai ko ɗaga kai ba. Ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Gusau, ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta, ya tambayi zafi. Abokina ya wuce yana cewa ƙasa-ƙasa, "Malam, tashi mana!" Tsohon ya gama, ya ja carbi, sai na damansa ya ɗauko tasa gaisuwar daga farko, na hagun ma haka. Ni dai ina kallon ƙasa, ina amsawa, ƙafafu suna ta wucewa ta gefen idona, masu takalmi da marasa shi, har suka fara yin jefi-jefi. Zufa tana ɗiga daga haɓata kan ƙasa. Daga nesa na fara jin gurnanin akori-kura.

"Malam," in ji surukina, "wa ab biye da kai?"

"Ba kowa, Baba. Tsere muke yi."

"To, tashi ka ida abin da kah hwara."

Na ɗauki takalmana a hannu, don ba a sa takalmi a gaban suruki, na ce in na sha kwana sai in sa. Ina shan kwanar motar ta cim mini. Direba ya danna hon, waɗanda aka riga aka kwasa suna tsaye a inda shanu suke tsayawa, suna ta kira, "Malam, hawo, akwai wuri!" In na tsuguna ɗaura igiya, sun ɗauke ni, a wuce da ni cikin gari a motar surukina kamar bijimin da ya karye. Haka na ci gaba, ba takalmi, a kan kwaltar da ta sa ɗan Bakura ma ya ji jiki. Kowane taki kamar na ɗora ƙafa a kan tanda. Na shiga filin makaranta ni ne na ƙarshe, hancin mota a gadon bayana, kambas a hannu, jama'a na dariya da tafi, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ɗan Bakura ya ɗauki keke, kuma ya cancanta. Abokina ya sami fitilar ƙwai. Ya kai mu gidan wani ɗan cocinsu ma'aikacin asibiti, matar gidan ta ba ni ruwan wanka, mijin ya duba tafin ƙafata ya girgiza kai, duk sun yi bororo. Aka kawo mana hoce, gasasshiyar wainar dawa ta yankin, da fura, ban iya ci ba. Kawu ya ci nasa da nawa.

Bayan la'asar muka isa gidan surukina, ina ɗingishi cikin babbar riga. Wannan karon a zaure muka same shi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo tuwon shinkafa da nama, Kawu ya gyara murya ya fara jero ban-haƙurin da ya taho da shi. Bai yi nisa ba tsohon ya ɗaga hannu. Na ɗauka zai sake cewa a ƙara haƙuri. Sai ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ce, "A ce ma ɗiyar nan ta kimtsa kayanta, kar dare ya yi musu bisa hanya." Sannan ya jawo wani ɗan gwangwani daga ƙarƙashin buzu ya tura wa Kawu, ba ni ba. Man shanu ne. "A shahwa mai ga ƙahwa," in ji shi. Maganar tsere ko sau ɗaya bai tayar ba.

A mota, da muka wuce gonakin alkama, matata ta matso da bakinta kusa da kunnena. Ta ce duk matan unguwa sun ga ƙwaurina ta kan katanga, ita dai ba ta san inda za ta sa kanta ba. Na ce rashin sa'a ce ta sa Baba ya zauna a waje yau. Ta ce, "Wace rashin sa'a? Direban akori-kura yag gaya mai kana hili. Shi da kainai yas sa anka hidda mai buzu bakin titi. Tunda nike ban taɓa ganin ya zauna nan ba."

Mun shiga Gusau ana kiran magariba. Na yi shekaru ina koya wa yara yadda ake tashi da yadda ake ƙarasawa, tafiyar nan ce ta koya mini cewa akwai inda ake tsayawa, ko da kai ne a gaba. Keke dai har yau na maƙwabta ake ara, ni kuma da silifas nake zuwa aji. Amma daren da muka dawo yarinyar ta yi ta tsala kuka har maƙwabcina ya buga bango, ni kuwa ina zaune da ƙafafu shafe da man shanu, ina saurare, ban so ta yi shiru ba.