Alwalar Kwana na Huɗu Bayan Aikin Haƙorina

Wata biyar ke nan ina juya wannan magana a raina kafin na ɗauki biro. Sau biyu ina farawa ina yagawa. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, abin da zan faɗa kuma ba abin alfahari ba ne. Amma likita yana jiran amsata, ni kuwa ba ni da ita, shi ya sa na daure.

Wankin hula nake yi a Kabara, a zauren da na gada. Ana kawo mini hula daga Shahuci har Ɗan Agundi saboda ba na barin datti, amma kowa ya san ba na gamawa a kan lokaci. Hular da na wanke na shanya, sai in ɗauko ta in sake wankewa. Haka nake a komai. In na kulle ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon.

Turamen haƙorana na sama, ɓangaren dama, guda uku an cire su da daɗewa. Na hagu nake tauna da su, har su ma suka fara girgiɗi. Na koma koko da tuwo mai laushi. Nama sai dai in tsotsa in ajiye. Na rame har wandona yana zamewa. Babbar 'yata, wadda take aikin jinya, ita ta ɗora ni a adaidaita ta kai ni wani asibitin haƙori a wajen ganuwa.

Likitan ya ɗauki hoton kaina ya nuna mini. Ya ce a bayan kunci akwai kogo da ya haɗe da hanci, shimfiɗe da tantani siriri kamar na cikin ɓawon ƙwai. Ƙashin da ke tsakanin kogon nan da dasashina ya zaizaye saboda daɗewa babu haƙora. Dashen haƙori kuwa sai an kafa ƙarfe kamar ƙusa a cikin ƙashi. Don haka sai ya ɗaga tantanin ya zuba garin ƙashi a ƙarƙashinsa. Wanda ƙashinsa ke da ɗan kauri, ana yi masa duka biyu rana ɗaya. Nawa sai an zuba garin, a jira wata shida ko fiye ya zama ƙashi, sannan a kafa ƙarfen.

Na ce, "Likita, a taimaka a haɗa mini. Wuƙa sau biyu ba zan iya ba."

Ya ce, "Baba, ka taɓa kafa turke a rairayi? In na sa ƙarfen yau, ba abin da zai riƙe shi. Yana iya zarcewa cikin kogon."

Sai na tambayi ƙashin mene ne. Ya ce na saniya ne da aka tsarkake. Na kwana uku ina tunanin ko yankakkiya ce, har sai da limamin masallacinmu ya ce lalura ce, in kwantar da hankalina. Taubashina mai faci da ke gefen zaurena kuwa ya samu abin yi. Kullum sai ya leƙo ya ce, "Malam, in ka fara tuƙa ka faɗa mana mu sayo dusa."

Aka yi aikin ranar Litinin. Da zai sallame ni ya ce sati uku kada in face hanci, in atishawa ta zo in buɗe baki, kada in ɗauki abu mai nauyi. 'Yata ta rubuta. Maganar alwala tana kan harshena, na haɗiye ta. Kunya na ji, da furfurata in tambayi yaro sa'an ɗana yadda zan yi alwala.

Kwana uku ina shafa ruwa a bakin hancina kawai. Na san shaƙa ruwa da facewa sunna ne, ba farilla ba. Tun ina yaro na sani. Amma sani daban, zuciya daban. Duk sallar da na idar sai in ji kamar ban yi ba. Ina zaune da kumburarren kunci ina ƙirgawa, salla goma sha biyar da alwalar da ban yarda da ita ba. In na mutu a wannan ciwon fa?

Ranar Alhamis da la'asar na ɗauki butata na tsuguna a bakin masallaci. Na ce sau ɗaya zan yi, a hankali. Na shaƙa na face. Ban ji komai ba. Zuciyata ta ce ruwan bai kai ba. Na sake, da ƙarfi. A na ukun na ji wani abu ya yage a cikin kuncina, kamar in an ja tsohon yadi. Iska ta cika mini kunci har ƙarƙashin ido. Jini ya biyo, da wasu fararen ƙwayoyi kamar tsakin gero a tafin hannuna.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi ba ni kunya. Da na ga jini sai na ce alwala ta ɓaci. Na sake ta daga farko, da shaƙawa da facewa.

Ban faɗa wa kowa ba. Na ce zai daina. Kwana takwas ina tsintar ƙwayoyin nan a hankicina ina ɓoyewa. Sai wari ya fara, irin na ruwan da ya kwana a kwata. In na sha koko sai in ji ɗuminsa a hanci. Zazzaɓi ya kwantar da ni. Uwargidana ce ta kira 'yarmu a waya.

Ta mayar da ni asibitin, likitan ya duba. Sannan ya ce, "Baba, ka face hanci?"

Na ce, "Alwala na yi."

'Yata ta ce, "Haba Baba! Ba a gabanka na rubuta ba?"

Na ce, "Kin rubuta majina. Ba ki rubuta alwala ba."

Ta juya ta fuskanci bango. Likitan ya ce da ya sani da ya ambata, kuma daga yau zai riƙa faɗa wa kowa. Wannan bai sanyaya mini rai ba. Ya riga ya faɗi abin da mai hankali zai gane.

Tantanin ya yage, garin ya ruɓe a ciki. Wuƙar da na roƙa kada a yi mini sau biyu, aka yi mini ta biyun don a kwashe abin da aka zuba, ba don a kafa komai ba. Da liman ya zo dubiya na ba shi labari, ya ce, "Malam, garin neman sunna biyu ka ɗauko haramun ɗaya, cutar da kanka. Jinin hanci ma wa ya ce maka yana karya alwala?" Taubashina ya zo ya zauna ya tashi, bai yi maganar dusa ba. Shirunsa ya fi zolayar ciwo.

Yanzu wurin ya rufe, warin ya tafi. A cikin watannin nan turmi ɗaya na hagu ya fita da kansa a cikin tuwo. Likita ya ce hanya biyu ce. Ko ya sake ɗaga tantanin, wanda yanzu yake da tabo kuma ya fi saurin yagewa, a sake jiran wata shida ko fiye, sannan ƙarfe, sannan wani jiran kafin haƙori. Ko in haƙura da haƙoran roba na cirewa da sawa, waɗanda ya ce ba za su kama sosai ba tunda na hagun ma tafiya suke yi. 'Yata ta ce ita ba za ta zaɓa mini ba.

Ba wuƙar nake tsoro ba yanzu. Kaina nake tsoro. Na san sati ukun nan za su sake zuwa, buta tana gabana, zuciyar nan kuma ba ta canza ba. Jiya ma sau biyu na wanke hula ɗaya.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, in an taɓa yi masa aikin nan sau biyu a wuri ɗaya, ko ya san wanda aka yi wa, ya sanar da ni. Wata nawa aka jira kafin na biyun? Ƙashin ya kama? An kafa ƙarfen daga baya ya zauna? In kuma mai waswasi ne irina, ya faɗa mini yadda ya yi da alwala har sati ukun suka wuce. A tambayi zauren mai wankin hula da ba ya gama aiki a kan lokaci, a Kabara. Za a nuna.