Takardar da Ban Rubuta Ba

Shekara goma sha tara na yi cikin jam'iyya guda. Sana'ata allurar dabbobi ce, bisa moto nake yawon rugage tsakanin Mayahi da Tasawa, amma duk lokacin zaɓe ni ne wakilin jam'iyyarmu a rumfar ƙauyenmu. Ba a taɓa ba ni muƙami ba, ban kuma nema ba. Mahaifina cikinta ya rasu, ni ma na ɗauka haka za ta kasance.

Wanda ya fidda ni daga jam'iyyar abokina ne tun koleji a Tasawa, benci guda muka zauna. Ya yi koyarwa shekaru, daga baya ya koma sayen gyaɗa da wake. Da zaɓen konseye, wato kansiloli, ya matso, ya nemi a sa shi gaban lis, jerin sunayen 'yan takarar komin ɗinmu, ƙaramar hukumarmu ke nan, don wanda ke gaba shi ake sa ran zai zama magajin gari. Wani Alhaji mai manyan motoci shi ma wurin yake so. Aka tara wakilan ƙauyuka gidan shugaban jam'iyya, aka ce kowa ya tsaya bayan gwaninsa. Na tsaya bayan abokina. Layin Alhaji ya fi namu tsawo. Ba da yawa ba, amma ya fi, kuma ban ga an yi wa kowa maguɗi ba. Abokina ya rungume Alhaji gaban jama'a, ya ce ya yarda.

Bayan kwana huɗu ya iske ni kasuwar Maijirgi ina duba ƙafar wani sa. Ya ja ni gefe.

"Mutumina, na fita. Zan kafa lis nawa, ba jam'iyya, ba kowa."

"To rungumar da ka yi fa?"

"Ta idon mutane ce. Kai ka fi ni sanin wa ya nome burtali."

Na sani kuwa. Hanyar da shanu ke bi zuwa tafki, dangin Alhaji sun ci rabinta da gero, duk damina sai an yi rikici an kama dabbobin Fulani. Ya dafa kafaɗata ya ce in ya shiga meri, ofishin magajin gari, aikinsa na farko ke nan, a mayar da duwatsun iyaka inda suke. Ya ce shi da waɗannan mutane har abada.

Na yi mako ina juya maganar. Maiɗakina ta ce, "Shi in ta ɓaci yana da gyaɗarsa da manyan da ya sani. Kai wa gare ka?" Ban saurare ta ba. Ran Juma'a bayan masallaci na kai wa shugaban jam'iyya katina. Dattijo ne, abokin mahaifina. Ya karɓa, ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Ɗan marigayi, har da kai?" Ya sa shi aljihu.

Daga nan na nufi rugar Arɗo, shugaban Fulanin da nake yi wa allura. Su ma tun fil azal jam'iyyarmu suke yi. Na zauna bisa tabarma na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama.

"Likita, mu ba mu san shi ba. Kai ka san shi?"

"Baffa, na san shi tun muna yara."

"To shi ke nan."

Ranar zaɓe suka zo cikin amalanken jakai, har tsofaffin matan da ban taɓa gani a rumfa ba. Isansin da na ƙona a moto a wannan yawo, ni kaɗai na sani. Da sakamako ya fito, ba jam'iyyar da ta samu rinjaye. Lis ɗinmu ya ci kujerun da duk ɓangaren da muka jingina da shi, shi zai fidda magajin gari. Muka yi murna ƙwarai.

Ranar da konseye suka zauna zaɓen magajin gari, ina can wajen garin Sarkin Hausa ana allurar tumaki. Na tsaya wurin mai shayi da rana tsaka, rediyonsa a kunne. Nan na ji an zaɓi Alhaji magajin gari, abokina mataimakinsa na farko. Mai shayi ya tambaye ni ko a ƙara sukari, na biya shi na hau moto. Kashegari aka yanka sa gidan Alhaji, aka sa wa abokina hular jam'iyya, aka ce ɗa ya dawo gida. Ba wanda ya aiko mini.

Sai da na yi zuwa uku meri kafin in gan shi. Ya tashi daga bayan teburin biro, ya kama hannuna biyu, ya sa aka kawo ruwan sanyi.

"Mutumina, daga ciki ake gyara. In na tsaya waje me zan yi maka?"

"Ba ni za ka yi wa ba. Burtali fa?"

"A hankali. Yanzu muka zauna, ba na fara da faɗa ba." Ya rage murya. "Na yi maganarka da shugaba. Ka rubuto takardar neman gafara, layi biyu kawai, a maida maka katinka."

"Kai ka rubuta?"

Ya yi dariya. "Haba, ni ai zama muka yi."

Na ajiye ruwan ban sha ba, na fito. A garinmu waɗanda muka yi shekaru muna kafa rumfa tare suka daina amsa mini gaisuwa da sakin fuska. Shi abokin nawa sun yafe masa, don da kujeru ya dawo. Ni ne maci amana. Takardar dai ban rubuta ba.

Abin da ya fi mini nauyi komawa ruga. Na ja ƙafa har lokacin allurar shanu ya kusa wucewa, sannan na tafi. Arɗo ya tarbe ni kamar kullum, aka kawo fura da nono. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Likita, ba ka yi mana ƙarya ba. Ba ka san shi ba ne kawai."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daminar nan aka shuka burtalin har bakin tafki. An kama wa mutanen Arɗo shanu sau biyu. Da kaka ta yi, Arɗo ya kwashe gidaje shida suka yi arewa, ban samu labari ba sai da na je na iske kangon ruga da toka. Wani ɗan'uwansa da ya rage ya ce ya bar mini gaisuwa.

Daga baya zamani ya juya, aka rufe harkar jam'iyyu gaba ɗaya, kowa ya koma sana'arsa. Abokina yana nan yana sayen gyaɗa. Mukan haɗu wurin jana'iza ko suna, ya miƙo hannu ya ce, "Mutumina, ka ɓuya." In miƙa masa nawa, in ce aiki ne ya yi yawa.