Latas ɗin Ungozoma Malsun

Shekara talatin da huɗu Pyo Malsun ta yi tana karɓar haihuwa a garin Yesan, har mata suka koma asibiti ta rufe ɗakinta. Da zaman gida ya ishe ta, sai ta kama fili a lambun haya na bayan gari, ɗan wurin da bai wuce shimfiɗar tabarma shida ba.

Shuka ba ta gagare ta ba, don hannunta na da albarka, abin da ta yafa duk sai ya fito. Cira ce ta gagare ta. Kowa ya san latas in ya yi ganye huɗu sai a rage shi, masu ƙarfi su sarara. Ita kuwa sai ta tsuguna, ta kai hannu kan ɗan ƙaramin, tausayi ya kama ta, ta fasa. Matar da ta sha ceton bakwaini ina za ta iya tsinke abu don ya fi 'yan'uwansa ƙanƙanta? Haka latas zai cunkushe, ya yi siriri, ya ruɓe daga ƙasa.

Abin da ke ci mata rai shi ne walimar ganyen fari. Ƙarshen watan Mayu masu lambu kan taru a rumfa a gasa nama, kowa ya kawo ganyen filinsa a riƙa naɗe naman da shi. Shekara biyu Malsun tana zuwa da na kanti, ta yar da ledar a hanya. Kowa ya kawar da kai, ban da maƙwabcin filinta, Bang Dalsu, tsohon direban tasi mai baki ba birki.

"Yaya, wannan latas naki har da takardar farashi yake tsirowa? Ki sam mini irin mana!"

Aka yi dariya, ita ma ta yi, amma abin ya yi mata zafi. Ta rantse bana ko ta zo da ganyenta, ko ta mayar da filin.

Da sanyi ya saki ƙasa a watan Afrilu ta zuba taki, ta ja kunya, ta yafa iri, ya fito kamar gashin kai. Ranar cira ta tsuguna tun da safe, har rana ta take ba ta cire ko ɗaya ba. Dalsu ya leƙo.

"Matsa in yi miki, minti biyar na gama."

"Taɓa su ka ga yadda ake karya hannu."

"To ai sai ki kai su gidan marayu!"

Shi tsokana ya yi, ita kuwa ta ɗauka. Washegari ta zo da cokali da kofunan takarda, ta riƙa haƙo kowane tsiro da ƙasarsa tana zaunar da shi a kofi. Sannan ta ƙwala wa Yeom Giho kira, wani ƙato mai gyaran babur da ke ban ruwa can gefe.

"Malama, filina ya cika, barkono zan dasa..."

"Ranar haihuwarka ta ƙafa ka fito, awa uku na yi a kanka, ka ji na ce wuri ya cika? Karɓi goma."

Wa zai yi musu? Rabin masu lambun, in ba ita ta yanke musu cibiya ba, to ta yanke wa 'ya'yansu. Wasu da sun hango ta da kofuna sai su laɓe bayan tankin ruwa, ta bi su can. Dalsu ya zaci ya tsira don a wani gari aka haife shi, ta tuna masa da tagwayensa, ya tafi da ashirin yana ƙunƙuni.

Kuma ba bayarwa ta yi ta manta ba. Kullum sai ta zaga fili-fili tana ɗaga ganye, wanda ya yi sakaci da ruwa ya sha faɗa a gaban matarsa. Nata filin kuwa ya sha iska, ganye ya buɗe ya yi jan baki.

Ranar walima ta iso rungume da kwando. Ta dire shi, ganye kore shar mai jan baki, kowane ya kai tafin hannu. Sai ta ga kwandunan mutane ma duk jan bakin ne. Dalsu ya buga murfin tukunya.

"Jama'a, wanda latas ɗinsa ba ɗan Yaya ba ne ya ɗaga hannu!"

Ba hannun da ya tashi. Ya zaɓi ganye daga kwandonta, ya ɗora nama da tafarnuwa, ya naɗe, ya miƙa mata da hannu biyu. Daɗi ya kama Malsun har da ƙwalla. Ta cusa lomar gaba ɗaya, ta tauna, ta share ido da bayan hannu, sannan ta leƙa kwandon da ke kusa da ita.

"Giho, waɗannan sun rame. Gobe ina nan tafe."