Soron Inna Cima da sunan da aka kafa a ƙofarsa

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar kakata, Inna Cima. Na saba in yi mata sadaka in yi shiru. Wannan karon shirun ya gagare ni, saboda abin da idona ya gani a watan jiya, a harabar makarantar koyon noma da kiwo da jami'a ta buɗe a gefen garinmu, tsakanin Tanut da Falanko.

Duk wanda ya shiga makarantar zai ga wani tsohon soro mai bene a tsakiyar sababbin gine-ginen siminti. An yi masa sabon yaɓe, an gyara zankwayensa, an mayar da zauren ɗakin karatu. Wannan soro kakata da mijinta suka gina shi, a shekarun alif ɗari tara da ashirin da ƴan kai.

Mijin nata, kakana Madugu Manzo, fatauci yake yi. Yana kai geron Damargu arewa, ya dawo da gishiri da dabino. Ita kuma tana da rumbunanta da garken awakinta, ba ta jiran sai an ba ta. Ita ta matsa a yi ginin, domin ta gaji da ganin baƙin mijinta suna kwana a rumfa. Aka ɗauko magina daga Damagaram, aka yi ta jigilar azara daga kudu a kan raƙuma. Rani biyu tana dafa wa magina tuwo daga rumbunta. Ta sha gaya mini cewa ranar da aka ɗora azarar bene ta ƙarshe, ta hau sama ta hango gonaki har inda ido ya tsaya, ta ce a ranta nan za ta tsufa.

Damina uku kawai ta yi a ciki.

Tana da ƙane, Lawali. Uwarsu ta rasu yana jariri, ita ta goye shi, da shi aka kai ta gidan miji. Da Nasara suka nemi yara don lakwal, wato makarantar boko, aka tafi da shi, ya dawo yana jin Faransanci, ya zama tafintan kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Wata rana gab da damina ya shigo da kumandan har zaure. Inna tana bayan ƙofa tana ji.

Lawali ya ce wa kakana, "Yaya Madugu, kumandan yana roƙon aron gida. Rufin bariki yana yoyo. Da an yi girbi zai tashi."

Kakana ya ce, "In aro ne, ba a hana baƙo inuwa. Gaya masa ya shiga."

Lawali ya juya ya yi dogon bayani da Faransanci. Kumandan ya miƙe da fara'a, ya kama hannun kakana da hannu biyu. Kakana da Inna suka kwashe kayansu suka koma bukkoki a bayan gari.

Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, ba wanda ya ce musu komai. Kakana ya je bariki, ya tarar Lawali ya yi tafiya, wani gardi, mai tsaron bariki, shi ya yi fassara. Kumandan ya dube shi da mamaki, ya ce ai kyauta ya ba shi a gaban shaidu, yaushe babban mutum ya fara karɓe kyautarsa? Kakana ya juya ya fito. A lokacin, wanda ya ja da kumandan ya san inda zai kwana. Kafin shekara ta zagayo an ƙara wa Lawali girma, an ba shi doki.

Kakana bai iya zaman garin ba, yana wucewa yana ganin tutar wasu a kan benensa. Suka tashi suka koma kwarin Tarka, suka kama noma. Can ya rasu, fataucin ma bai sake komawa ba. Lawali ya zo gaisuwa da babbar riga. Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama masa fura da hannunta, ta jira ya sha. Sannan ta ce, "Lawali, faɗa mini da Hausa abin da ka faɗa wa Nasara ran nan."

Ya ce, "Yaya, zamani ne. Ko ban faɗa ba, da ƙarfi zai karɓa."

Ta ce, "Da ya karɓa da ƙarfi, da na san Nasara ne ya ƙwace mini gida."

Bai sake zuwa Tarka ba. Da Nasara suka tashi, shi ya gaji zama a soron, ƴaƴansa suka yi karatu, suka zama manyan ma'aikata, daga baya gidan ya koma hannun gwamnati. Mu kuma muka tashi a Tarka muna bin awaki.

Bara, da aka fara gyaran soron, wasu malaman makarantar suka zo har gidana neman tarihinsa. Na ba su duk abin da na sani. Suka yi godiya, suka ce wannan labari ba zai ɓata ba. Da aka gayyace ni bikin buɗewa na ɗinka sabuwar riga, na tafi da ƴata. Aka yaye ƙyallen da ya rufe allon ƙofa, sai ga sunan Lawali da manyan baƙaƙe, wai shi ya gina gidan, ya ba da shi don ci gaban ƙasa. Jikansa, wanda ɗan'uwana ne na jini, yana tsaye a gaba ana tafa masa. Bayan taro na tare ɗaya daga cikin malaman. Ya kawar da kai ya ce, "Baba, iyalinsa ne suka ɗauki nauyin gyaran. Ka yi haƙuri."

Ina ta tunanin me Inna za ta ce da tana raye. Na san za ta ji daɗin ganin ƴan mata suna karatu a zauren da ta share, domin ta sha cewa rashin jin bakin Nasara ne ya cuce ta. Allon kuwa, ba na jin zai ba ta mamaki. Ta riga ta san yadda magana take canzawa tsakanin mai faɗa da mai isarwa.

Abin da ya rage nata ba shi da yawa a ido. Akwai mu, jikokinta, da ba ta taɓa hana mu gaida zuriyar Lawali ba, ba ta kuma taɓa yarda mu kira soron da sunansa ba. Akwai kuma maganarta ta ƙarshe a kan wannan al'amari. Tana jinyar ajali, mahaifina ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Inna, Kawu Lawali ya daɗe a kabari. Ki yafe masa."

Ta juyo ta dube shi. Ta ce, "Gida ƙasa ce da itace, na yafe masa tun tuni. Amma da ya gama fassarar, ya leƙo bayan ƙofa ya yi mini murmushi. Wannan na bar shi da Allah."

Allah ya jiƙan Cima, wadda ta gina soron. Ya sa gidan da ta koma ya zama wanda ba mai fitar da ita.