Agogon Manaja da Inna Kulu

Ban taɓa mantawa da Litinin ɗin da aka tashi korar Inna Kulu ba. Ni mai gadi ne a wani kamfanin fatu kusa da Ƙofar Marke. Ban yi boko ba. Aikina ƙofa, tayar da janareta, da goge ɗakin saba.

Saba ita ce babbar kwamfutar da sauran na'urori ke bi. Injiniya Bashiru, mai kula da ita, ya taɓa gaya mini cewa agogonta yakan zame, shi ya sa take tambayar lokaci ta intanet wurin wasu manyan agoguna, ta gyara kanta. Na'urar da ma'aikata ke dangwala yatsa da safe, daga sabar take ɗaukar lokaci. Dokar kamfani kuwa, wanda ya wuce ƙarfe takwas sau goma a wata, a sallame shi.

Inna Kulu mai shara ce, marayu uku take riƙo a unguwar Minanata. Sai ta kai su makaranta take tahowa, ita ce ta ƙarshen shigowa. Takardar da na'urar ta fitar ta nuna ta makara sau goma sha biyu. Manaja ya kira ta, ta tsaya tana share hawaye da mayafi. Na yi sallama na shiga, ba wanda ya kira ni.

"Ranka shi daɗe, matar ga ba ta makara ba."

"Kai Mamman, kai ka sanin lokaci ko na'ura?"

"Kullum tana shigowa kahin rediyona shi hwara labarun takwas. Ni ka buɗe mata ƙohwa."

Aka kira Injiniya. Ya duba wayarsa, ya duba saba. Sabar ta yi gaba da minti ashirin. Ya sosa ƙeya.

"Yallaɓai, watan jiya kai kac ce in daidaita ta da agogon hannunka. Dole nik kashe tambayar intanet, in ba haka ba, za ta gyara kanta."

Manaja ya kalli agogon hannunsa.

"Innalillahi. Tun azumi nit tura shi gaba don kada sahur shi kuɓuce mani."

Injiniya ya maido da tambayar. A gabanmu lambobin suka ja da baya. Manaja ya yaga takardar.

"Inna, ki yahe mani."

"Allah shi yahe muna. In tahi shara?"

Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

Abin da na gani ke nan. Saba, duk tsadarta, kullum tana tambaya. Manaja bai tambayi kowa ba. Injiniya ya sani, ya yi shiru don tsoron babba, saura kaɗan marayu uku su kwana da yunwa. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, in babba ya ce ku bi agogonsa, ku tambaye shi yaushe rabon da ya gyara shi.