Sunan da Ba a Kira a Gidanmu

Har yau idan na ji ƙamshin masara a kan garwashi, tsakar gidanmu na unguwar Jambutu nake tunawa, da Kaka a kan 'yar kujerarta tana fifita wuta da faifai. A Garwa ne, zamanin shugaban ƙasa na farko, wanda hotonsa ke rataye a kowane ofis. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai mu kewaye murhu, ni da ƙanena da 'ya'yan maƙwabta. A waje Fulatanci muke yi kamar kowa, a lekol, wato makarantar boko, Faransanci, amma tatsuniyar Kaka da Hausa take, Hausar da iyayenta suka zo da ita daga Kano wajen fatauci. Ba ta buɗe ta yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga wata ta tsallako Binuwai." Mu kuma mu amsa, "Ta shanya zaninta mu ji."

Ƙanena sunan kakanmu ya ci, mijin Kaka, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Don haka babu mai kiran sunan a gidanmu. Baba ba zai kama sunan mahaifinsa ba, Inna ba za ta kama na surukinta ba, Kaka kuwa tun ranar da aka kai ta ɗakinsa sunan bai taɓa bi ta bakinta ba. Ni kaina ban san sunan ba. Baba Ƙarami muke ce wa yaron, Kaka kuma ta ce Maigida, tana tsokanarsa wai an ɗaura mata aure da wanda bai iya ɗaure tazuge ba. Shi kuwa bakinsa ba ya hutawa, ko kaza ta wuce sai ya tambaye ta inda za ta.

Shekarar da ya cika huɗu aka buɗe jardan a bayan kasuwa, wato gidan renon yara kafin su shiga lekol. Baba direban motar auduga ne, ya ga irinsa a Yawunde, ya rantse sai ɗansa ya shiga. Kaka ta yi mitarta, wai yaron da ke da kaka me zai nema a gidan reno, amma ta haƙura. Ni nake kai shi da safe a hanyata ta lekol, kuma nakan laɓe a taga in sha kallo. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, cike da yara, ga Madam ɗaya 'yar kudu tana fama da su. Tana koya musu waƙa, da ƙirga da marafan kwalba. Komai kuma da littafin sunaye ake yi. Ko biredi da madarar safe, sai ta kira sunan yaro ya ɗaga hannu sannan ya je ya karɓa.

Bayan mako uku Madam ta aiko da takarda. Ta ce yaron ba ya amsawa, har bayansa ta tsaya ta kira shi bai waiga ba. Ko dai kurma ne, ko kuma kansa ne ba daidai ba. A kai shi asibiti, in ba haka ba za ta ba wani gurbinsa. Mu ma mun ga ya canza. Yakan dawo da yunwa, ya lafe a jikin Kaka, surutun nan duk ya ɗauke. Baba ya zagaya bayansa ya tafa hannu, yaron ya zabura. Ba kurma ba ne ke nan, saura ɗayan, wanda ba wanda ya iya faɗa. Ranar Inna a madafa ta yi kukanta.

Da yamma a bakin murhu Kaka ta ce in gaya mata yadda ake yi a wurin nan da safe. Ni kuwa abin nema ya samu, don ba abin da nake so kamar kwaikwayo. Na ɗauki faifai ya zama littafi, na maƙe murya irin ta Madam, na shiga jero sunaye: Hamadu, Fadimatu, Buba. Sai na ce akwai ma wani da kullum sai ta kira shi sau uku ba ya zuwa, na ɗaga murya na ce, "Isiyaku!"

Inna ta kai min mintsini a cinya. Baba ya sunkuyar da kai. Kaka ba ta dube ni ba, ƙanena take kallo, shi kuwa yana ta gwaguyar masararsa, ko gezau. Har na ɗauka yau babu tatsuniya. Can sai ta ce, "Ga wata ta tsallako Binuwai."

Wai wata shekara tsuntsaye suka yi yawan aiki a gona, suka rasa mai riƙe musu 'ya'ya. Zalɓe ya ce a kawo masa, ga shi da tsawo, yana hango kowa. Ya share wuri a bakin kogi, ya tanadi abinci mai kyau. Idan lokacin ci ya yi sai ya yi kira irin na zalɓe. 'Ya'yan agwagwa da na shamuwa, da yake maƙwabtansa ne sun saba jin kiran, sai su sheƙo. Ɗan zabuwa kuwa daga tudu aka kawo shi, bai san da shi ake ba. Ya yi ta ramewa a gindin ciyawa, Zalɓe ya ce a zo a ɗauke shi, wawa ne. Sai wata tsohuwar kaza, wadda ta sha ƙyanƙyasar ƙwan da ba nata ba, ta je wurin zabuwa ta tambaye ta yadda take kiran ɗanta. Ta koyo kiran, ta dawo ta yi shi sau ɗaya, sai ga ɗan zabuwa a guje.

Na ce ai Zalɓe mugu ne. Kaka ta ce, "Ba mugu ba ne, bai tambaya ba ne. Ita ma zabuwar da ta ajiye ɗa ta juya, ta gaya masa?" Ba ta rufe tatsuniyar ba ranar. Ta dubi Baba ta ce gobe ita za ta kai Maigida.

Da safe ta yafa mayafinta na zuwa suna, muka tafi. Da guntun Fulatancin Madam da guntun Faransancina aka fahimci juna, cewa yaron bai taɓa jin sunansa na takarda a gida ba. Madam ta dafe baki, kunya ta kama ta, ta ce ita abin da ke cikin takardar haihuwa ta bi. Nan take ta rubuta Baba Ƙarami da fensir a gefen sunan. Kaka ta yi mata godiya, amma ta ce gaba akwai lekol, akwai asibiti, duk da na takarda za su kira shi, kuma ba ko'ina zai tarar da mai fensir ba.

Sai ta durƙusa a gaban yaron, ta kama kafaɗunsa biyu. Ta ce, "Maigida, saurara. Kana da wani suna, na mutumin kirki ne. Isiyaku. In ka ji an ce Isiyaku, kai ne."

Madam ta buɗe littafi ta kira. Yaron ya dubi Kaka, ta gyaɗa masa kai, ya ɗaga hannu ya je ya karɓo biredinsa. Da na kama hanyar lekol na waiga, na hango Kaka tsaye a gindin dalbejiya ta juya wa titi baya, tana goge fuska da bakin mayafi. Ba ta sake faɗin sunan ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Ni ma a renon yara na ƙare, a wani jardan da ke garin Ngong, har furfura ta fito min. Duk uwar da ta kawo ɗa, kafin in buɗe littafi sai na tambaye ta me suke ce masa a gida, wa yake nema in ya yi kuka. Da ina yarinya na ɗauka darasin ke nan duka. Sai da na rasa nawa mijin na fara tunanin irin nauyin da Kaka ta ɗauka a safiyar nan. Ƙanena yanzu yana da jikoki, duk Garwa da sunan takarda aka san shi, kuma babu sauran mai ce masa Maigida. Ina kewar murhun nan, ina kewar muryarta ƙwarai. Kwanaki na tambaye shi ko yana tuna ranar, ya ce biredin kawai yake tunawa. Ni kuwa yadda ta faɗi sunan nake tunawa, a hankali, ba ta yi tuntuɓe ko kaɗan ba, kamar wadda ta shekara arba'in tana faɗinsa a zuci.