Fis ɗin da Maƙerin Fakku Ya Ƙera Mini

Shekarun baya, zamanin Turawa, na taɓa zama direban tarakta. A duk ƙasar Tambuwal da Kebbe masu tuƙa ta ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba, don haka ko tari na yi a kasuwa sai mutum goma sun yi mini sannu. Aiki ne da ban so ya kuɓuce mini.

Wata shekara aka tura ni Fakku in kafce fadama kafin ruwa ya cika ta. Rana ta biyu da hantsi, tarakta ta mutu a tsakiyar gona. Na buɗe ɗan akwatin da ke kusa da batir, na tarar fis ya tsinke. Fis wata 'yar waya ce a cikin ƙaramar kwalba, ba ta fi gashin wutsiyar doki kauri ba, kuma ta cikinta wutar batir ke bi. Na sa na ajiya, ya tsinke. Na sa na ƙarshe, shi ma bai kai azahar ba.

Bakanikenmu yana Sakkwato, kafin saƙo ya je ya dawo an yi kwanaki. Sai na nufi wurin abokina, maƙerin garin. Ya ɗaga kwalbar ya kalla a rana.

"Wanga zare shi at tsai da ƙatuwar mota? Nasara dai akwai rowa. Ka ƙera abu kamar giwa, ka ɗaure shi da silin gashi."

Ya ɗauko tsohuwar munduwa ta jan ƙarfe, ya datse, ya buge ta daidai tsawon fis, kaurinta kamar ɗan yatsana. Ya ce, "In wanga ya tsinke, taho ka ɗauki uwar maƙerata."

Na cusa shi, mota ta tashi. Na yi kai ɗaya har ƙarshen gona, na juyo, ina ɗaga wa jama'a hannu. A kai na uku na ji ƙauri, sannan hayaƙi ya taso tsakanin ƙafafuna. Tsallen da na yi, mutanen Fakku sun rantse sai da aka hango ni daga Kebbe. Muka yi ta watsa ƙasa, na samu na kwance wayar batir. Kafin nan duk wayoyin sun zama toka.

Da bakanike ya iso, tsohon soja ne marar yawan magana, bai ko dube ni ba. Ya bi sawun wayoyin da yatsa har ya zaro ƙunshin ƙuli-ƙulin da nake ɓoyewa a ƙarƙashin sitiyari. Ɓeraye sun biyo shi, sun haɗa da rigar waya sun gaigaye, wayar tsirara tana taɓa jikin mota.

Ya ce, "Yaro, da gangan anka yi fis siriri. In wuta ta yi yawa, shi ka ƙonewa shi ɗai, sauran su tsira. Sau ukku shina gaya maka akwai ɓarna, kai ko ka kawo mai maƙeri shi rufe mai baki."

Na ce, "Baba, ai nufina gyara."

"Awo. Ga shi kuwa ka gyara."

Ruwa ya cika fadama ba a kafce ba, manoma suka koma ga fartanya, ni kuma aka karɓe makulli. Tun ranar na yi tari ya fi dubu, ba wanda ya waiwayo.

Yanzu in na ga abu mai rauni a cikin mai ƙarfi, ba na saurin raina shi, nakan fara tambayar me aka sa shi ya tsare. Guntun munduwar kuwa yana nan cikin akwatina, ko lanƙwasa bai yi ba. Har abokina ya rasu, duk lokacin da aka tayar da zancen sai ya ce, "Motar Nasara ta ƙone ƙurmus. Ku tambaye shi, aikina ya tsinke?"